Kuɗin Hajiya sun zurare ba mu ga alat ba, kuma zuciyata tana zargin ƙanena

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Mahaifiyarmu tana zaune a Daura tare da autanmu mai shekara 22 tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ni da yayanmu da ke Kaduna muke tura mata kuɗi a asusunta duk wata, kuma a ciki ta zuba kuɗin ragunan da ta sayar gabanin Babbar Salla. Hajiya ba ta yi boko ba, don haka katin ATM da lambar sirri suna hannun auta, shi ke ciro mata a wajen mai POS. Wata biyar da suka wuce wayarta ta ɓace a gidan biki tare da layin da ta buɗe asusun da shi, muka saya mata sabon layi, babu wanda ya tuna da banki. Makon jiya ta aiki auta ya ciro dubu hamsin na gyaran rufin ɗaki, aka ce masa babu kuɗi. Da suka je banki aka faɗa musu da baki cewa naira 214,000 sun fita cikin mako uku, yawanci dubu ashirin-ashirin. Auta ya rantse bai taɓa ba, amma kwanan nan ya canja waya. Hajiya ta ce a bar maganar. Yayanmu ya ce dama alat cin kuɗi ne kawai, a karɓe katin daga hannun yaron kowa ya huta. Ni kuwa ko barcin kirki ba na yi. Me zan yi?

Mai neman shawara, Katsina

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya mayar wa Hajiya da mafi alherin abin da ta rasa. Na fahimci cewa abu biyu ne suka hana ki barci, kuma ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Asarar kuɗin raguna, waɗanda tsohuwa ta yi watanni tana ba su dusa da harawa da hannunta, abin baƙin ciki ce. Amma duban ƙaninki da kike yi kina tunanin ko shi ne, wannan shi ne wanda ke cin rai. Ina roƙonki ki ɗan ajiye zargin a gefe na kwana biyu ko uku, domin akwai takardar da za ta yi magana fiye da rantsuwarsa, fiye kuma da zatonki.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne wayar da ta ɓace a gidan biki, kuma na lura kin ambace ta ne a wuce. A wajen banki, layin da mutum ya ba su ranar buɗe asusu tamkar ƙofar gidansa ce. Ta nan suke turo alat duk lokacin da kuɗi suka shiga ko suka fita, ta nan suke turo lambar nan ta ɗan lokaci da ake kira OTP idan za a yi sayayya da kati a intanet, kuma da wannan layin ne ake tura kuɗi ta hanyar USSD, wato lambobin da ake dannawa da alamar tauraro ko a ƙaramar waya. Haka nan akwai gajeriyar lamba da idan aka danna a layin da aka yi rajistar BVN da shi, lambobin BVN ɗin guda 11 za su fito a fuskar waya. Shi ya sa masu satar waya a taron biki da tashar mota da kasuwa sau da yawa sim ɗin suke so fiye da wayar. Ke nan wata biyar ana tura labarin kuɗin Hajiya zuwa hannun wanda ba ku sani ba, yana ganin abin da ku ke turowa duk ƙarshen wata, kuma ya ga ranar da kuɗin raguna suka sauka. Alat ɗin bai daina ƙara ba, a aljihun wani yake ƙararsa.

Fitar kuɗin dubu ashirin-ashirin ma ba ta nuna mutum ɗaya ba. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan USSD, duk abin da ya haura naira 20,000 sai an ƙara masa wata shaida ta biyu bayan lambar sirri, saboda haka mai sata ta layin waya yakan tsaya a ashirin ko ƙasa da haka, ya yi ta maimaitawa. A ɗaya ɓangaren kuma, yawancin na'urorin ATM dubu ashirin suke bayarwa a karo ɗaya ga mai katin wani banki. Ma'ana, wannan alama ta dace da ɓarawon sim, ta kuma dace da mai riƙe da kati. Ba za a yanke hukunci da ita ba.

Abin da zai raba gardama shi ne takardar bayanin shiga da fitar kuɗi, wadda ma'aikatan banki ke kira sitetimen. Maganar baki da aka yi wa Hajiya a banki ba ta wadatar ba. Ki nemi izinin maigidanki da na makaranta, ki tafi Daura a ranar aiki, ki raka Hajiya banki da kanta, domin asusun nata ne kuma ba za su saurari kowa ba sai ita. Ku riƙe katin ATM ɗin da takardar NIN ɗinta, ku nemi a buga muku bayanin wata shida, tun daga kafin ɓatan wayar. Kowane layi a takardar yana ɗauke da rana, da adadi, da hanyar da kuɗin suka bi, kuma ki roƙi ma'aikacin ya duba muku lokacin kowace fita a na'urarsa. Idan kin ga an rubuta ATM ko POS, to an sa katin ne a na'ura an danna lambar sirri, kuma a nan auta yana da bayanin da zai yi, ko da bayanin shi ne wani ya ɗauki katin a ɗakinsa. Idan kin ga WEB, an yi amfani ne da lambobin fuskar katin da ranar ƙarewarsa da lambobi 3 na bayansa, abin da mutum zai iya yi yana wata jiha muddin ya taɓa ɗaukar hoton katin kuma OTP na zuwa hannunsa. Idan kuwa USSD ne, ko sayen katin waya a jere, ko tura kuɗi zuwa wani suna da ba ku sani ba, to tsohon layin ne ya yi ɓarnar, kuma sunan wanda ya karɓa da bankinsa suna nan a rubuce.

Kada ku fita daga bankin a ranar sai kun yi abu uku a zama ɗaya: a rufe wannan katin a ba ta sabo da sabuwar lambar sirri, a rufe USSD na tsohon layin, a kuma sauya lambar wayar da ke kan asusun da kan BVN. Daga nan ku wuce ofishin kamfanin layin. Idan da sunan Hajiya da NIN ɗinta aka yi rajistar tsohon sim ɗin, a yi mata abin da mutane ke kira walkam bak, wato a dawo mata da tsohon layin a kan sabon sim, domin da zarar sabon sim ya kama, wanda ke hannun ɓarawo ya mutu. Idan kuma da sunan marigayi ko wani daban aka yi rajistarsa, kamar yadda ya zama ruwan dare a layukan iyayenmu mata, kada ku ɓata lokaci a kansa, ku tabbatar dai an cire shi daga duk wani abu da ya shafi banki.

Sannan Hajiya ta shigar da koke a rubuce, ku karɓi lambar koken, ki adana ta. Kowane banki yana da sashen da ke kula da damfara, kuma su ne za su tuntuɓi bankin da kuɗin suka sauka don a riƙe abin da ya rage, idan akwai. Ku faɗi gaskiya cewa lambar sirri tana hannun ɗanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma idan kuka ɓoye binciken zai tono. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kuna da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda yake da reshe a nan Katsina, tare da lambar koken farko. Idan takardar ta nuna sunan baƙo, ku kai rahoto wajen 'yan sanda. Ba zan ɓoye miki ba, dawowar kuɗin da suka yi makonni da fita abu ne mai wuya, domin masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi su kwana a asusu ɗaya, kuma banki zai iya cewa ba a sanar da shi ɓatan layin ba. Ku yi ƙoƙarin duk da haka, amma kada ki ɗaura wa Hajiya buri.

Yanzu ga maganar yayanku. Ina ganin haushi ne ya sa ya faɗi haka, kuma ba shi kaɗai ke ƙorafin 'yan kuɗaɗen da bankuna ke zara ba, musamman tun da aka ƙara kuɗin saƙon alat daga naira 4 zuwa naira 6 a watan Mayun 2025. Amma ki yi masa lissafi cikin ladabi. Ko da saƙo 30 ke shigowa a wata, naira 180 ke nan, kuma asusun Hajiya ba zai kai haka ba. Da alat na farko ya faɗo a wayar da ke hannunku, da asarar ta tsaya a dubu ashirin ko arba'in, ba ta kai 214,000 ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a ƙa'idar Babban Banki, wanda ya ce ba ya son alat na tes sai ya sa hannu a takardar da ke wanke banki daga asarar da rashin alat ɗin zai jawo. Wato mutum ya tsira da naira ɗari da 'yan kai, ya sayar da hujjarsa. Shawararsa ta karɓe katin ma ba ta kai ga tushen matsalar ba, domin dole wani ya riƙa ciro wa Hajiya kuɗin cefane, ku biyun kuma ba kwa Daura.

Tsarin da nake ba ki shawara a kai shi ne a raba aikin gida biyu, wanda ke riƙe da kati daban, wanda ke ganin alat daban. Saƙon tes ya riƙa zuwa sabon layin Hajiya, wanda aka yi rajista da sunanta kuma yake cikin wayar da ke hannunta. Ke kuma, da yardarta, a sa adireshin imel ɗinki a kan asusun, domin alat na imel kyauta ne, kuma zai riƙa shigo miki kina Katsina a daidai lokacin da nata ya shigo mata a Daura. Ki kunna sanarwar imel ɗin yadda zai yi ƙara, kada ya nutse cikin tarkacen saƙonni. Daga nan ku yi yarjejeniya mai sauƙi: duk lokacin da za a ciri kuɗi, Hajiya ko auta su kira ki ko su yi miki filashin tukuna. Fitar da kika gani ba tare da an kira ki ba, ita ce abin tashi tsaye.

Kada kuma ki ɗauka rashin boko zai hana Hajiya gane alat. Macen da ta san farashin rago da ido, ta kuma riƙe lissafin adashi a ka, ba za ta kasa gane haruffa biyu ba. Ki zauna kusa da ita a kan tabarma, ki tura mata naira ɗari, wayar ta yi ƙara a hannunta, ki nuna mata inda aka sa CR ko Credit, ki ce wannan shiga ce. Sai ku sayi katin waya na ɗari daga asusun, ki nuna mata DR ko Debit, ki ce wannan fita ce. Ki nuna mata lambar ƙarshe ta ƙasa, wadda ke faɗin abin da ya rage. Ki zana mata alamun biyu da manyan baƙi a bayan kalanda. Sannan ki sa wa sim ɗin nata lambar kulle, wadda ake nema duk lokacin da aka kunna waya ko aka sa shi a wata wayar, ki ajiye kwalin sim ɗin mai lambar PUK a wajenki, domin idan aka yi kuskure sau uku layin zai rufe sai da ita. Da tsohon sim ɗin yana da wannan kulle, da wanda ya ɗauke shi bai amfana da komai ba.

Abu ɗaya da nake so ki nanata mata har ya zauna shi ne bambancin alat da OTP. Alat labari ne na abin da ya riga ya faru, OTP kuwa mabuɗi ne na abin da ake shirin yi. Masu kira suna cewa daga banki suke, za a rufe BVN, ko sunanki ya fito a tallafin gwamnati, ki karanto lambar da muka turo miki yanzu, wannan mabuɗin suke nema, kuma sun iya Hausa, sun iya gaisuwa, har sukan kira mutum da cikakken sunansa. Babu bankin da ke kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko OTP ko lambobin bayan kati. Ki koya mata amsa ɗaya tak: "Sai 'yata ta zo za mu shigo bankin da kanmu." Ta kashe wayar, ta kira ki.

Ki sani kuma alat ba ya hana sata, gaggawar sanarwa kawai yake yi, kuma amfaninsa yana ga abin da aka yi a mintunan farko. Saboda haka ki tambayi bankin lambar da ake dannawa a rufe asusu nan take daga kowace waya. A bankuna da dama lambar tana ƙarewa da 911, misali *901*911# a Access ko *966*911# a Zenith, amma ki karɓi ta bankin Hajiya daga bakin ma'aikacinsu, ki rubuta ta tare da lambar asusun mai lambobi 10, ki ajiye kwafi a wajenki, kwafi a wajen yayanku. Ƙarfe biyun dare ko ranar Lahadi, wannan lambar ce kawai za ta yi muku aiki. Haka nan saƙo yakan makale idan sabis ya yi rauni, kuma mutanen ƙananan hukumomin jiharmu da aka rufe wa layukan sadarwa a 2021 sun san yadda mutum kan yi watanni bai ga tes ba. Don haka ko ba ki ga komai ba, ki sa Hajiya ko auta su duba abin da ya rage sau ɗaya a mako, ki gwada da abin da ke rubuce a wajenki.

Idan za ku iya, ku buɗe mata asusu na biyu wanda ba shi da kati, ba shi da USSD, a riƙa zuba manyan kuɗi irin na raguna a can, wanda ba a taɓa shi sai ta je da ƙafarta. Mai katin kuma ya zama na cefane, kada abin da ke cikinsa ya wuce na mako biyu. Ku kuma nemi a rage iyakar abin da za a iya cira da katin a rana, a rufe masa sayayyar intanet gaba ɗaya tunda Hajiya ba ta buƙatarta.

Sai auta. Kwanakin baya na tsaya a wata rumfar POS kusa da Ƙofar Ƙaura, wani dattijo ya miƙa wa yaron rumfar katinsa, yaron ya ce Baba sa lambarka, sai dattijon ya ce idona ba ya gani, danna mini, ya karanto lambobi huɗun da ƙarfi, mu biyar muna tsaye muna ji. Yaron ya juya katin yana duban bayansa kafin ya mayar. Ban ce ya yi wani abu ba, amma tun daga ranar na daina saurin zargin 'yan gida idan kuɗin tsofaffi suka ɓace. Mai yiwuwa ƙaninki ya taɓa aiken abokinsa da katin, ko ya bar shi a hannun mai POS ya tafi sallah, ko ya rubuta lambar a bayan katin. Wannan sakaci ne, kuma sakaci daban, sata daban. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ku manya kun bar yaro ɗan shekara 22 da kati da lambar sirri, babu mai duba bayansa, kuma ku ma kun manta da layin da ya ɓace. Sabuwar waya ba hujja ba ce, ba ki kuma faɗa mini kin tambaye shi inda ya samo ta ba.

Ki tafi da shi bankin. Ki ce masa kina so ya zo ne domin shi ya san ranakun da ya ciri kuɗi da wuraren da ya cira, ku bi takardar layi-layi tare, ya nuna nasa. Mai gaskiya zai yi murna da wannan, domin ita ce hanyar da za ta wanke shi a idon 'yan'uwansa. Idan takardar ta wanke shi, ki ba shi haƙuri a fili ko da ba ki taɓa furta zargin ba, domin ya gani a fuskarki, kuma ki sanar da yayanku a ranar. Idan kuma ta nuna da hannunsa, kada ki yi masa tonon silili a gaban matan gida ko a zauren WhatsApp na dangi. Ki kira yayanku ko wani kawu da yake jin nauyinsa, a zauna da shi a ɗaki, a binciki abin da ya kai kuɗin, domin bashi da cacar waya da abokan banza suna jan samari da yawa, kuma maganin kowanne daban ne. A tsara masa yadda zai biya a hankali, a karɓi katin na wani lokaci, amma a bar shi a gidan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma shi ne ke kwana kusa da Hajiya idan jikinta ya motsa cikin dare.

Ita kuwa Hajiya, da ta ce a bar maganar, tsoro take ji kada bincike ya faɗa kan ɗanta, ta gwammace asarar kuɗi da ta ga 'ya'yanta sun rabu. Kada ki yi mata gardama a kan wannan. Ki ce mata ba ƙarar kowa za ki kai ba, ƙofa ce a buɗe za ku je ku rufe, domin kuɗin ƙarshen watan nan ma ta nan za su bi idan aka bar ta. Ki yi mata alkawarin cewa duk abin da takardar ta nuna, ita za ki fara faɗa wa kafin kowa, kuma ba za a ɗauki mataki a kan auta ba sai da saninta. Kafin ki samu zuwa, ki faɗa wa yayanku kada kowa ya ƙara tura ko kwabo a wannan asusun, kuɗin gyaran rufin kuma ku ba ta a hannu.

Ki gaishe mini da Hajiya, ki yi mata jaje. Idan kun karɓo takardar kuma wani layi ya shige miki duhu, ki sake rubuto mini da abin da aka rubuta a wurin, ba tare da lambar asusun ba, mu duba tare.